Mai Farin Mayafi da Gonar Sérou

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini komai daga kai, ranar da Inna ta buɗe tsohuwar adakarta a Djougou ba za ta bi sauran ba. Saura kwana ɗaya mu dangwala yatsu a kan takardar da za ta raba mu da gonarmu ta Sérou, babu wanda ya san abin da ke rubuce a cikinta, kuma abin da ya tsayar da mu ba malami ba ne, ba alƙali ba ne, wasu tsofaffin littattafan zane ne guda bakwai masu warin kitse. Har yau in na tuna sai in yi dariya, in gama dariyar haushi ya taso mini, haushin ma ban san wa zan fara ba shi ba.

Babanmu, Allah ya jiƙansa, mahauci ne. Yana da tukuba a bakin tashar Djougou, tsire da balangu, kuma mai tsire ba ya rabuwa da takardar naɗi. Wani direban babbar mota ne yake kawo masa tsofaffin takardu daga Cotonou ɗauri-ɗauri: jaridu, littattafan rubutun 'yan makaranta, takardun ofis da aka gama da su. A cikin wani ɗauri littattafan suka zo, ƙanana, an yage musu bango, kowane shafi zane biyu gefe da gefe, kowane mutum da wani farin ƙwai yana fitowa daga bakinsa an cika shi da rubutun Faransanci. Har Baba ya naɗe wa wani tsire da shafi biyu kafin Yayana ya kwashe sauran ya zura a riga.

Mu biyu ne muka rayu a 'ya'yan Inna, shi da ni, ya girme ni da shekara huɗu. A shekarar ne Baba ya ɗinka masa kaki ya sa shi lakwal, wato makarantar Faransanci, don gida ya sami mai karanta takarda. Ni aka ce allo ya ishe ni, tunda akwai yajin tsire da ke jiran mai daka shi kullum. Saboda haka da littattafan suka shigo gida, mutum ɗaya ne a duk layinmu yake da ikon buɗe su. Bayan la'asar Yaya zai zauna a gindin dalbejiyar ƙofar gida, yaran unguwa mu kewaye shi, ya yi gyaran murya irin na manya, ya fara fassara mana.

Jarumin littattafan, in ji Yaya, wani ƙato ne mai faɗin ƙirji da gashin baki, da farin mayafi har ƙasa, fuskarsa rufe da baƙin ƙyalle sai idanu. Mai Farin Mayafi muke ce masa. Duk littattafan farawarsu ɗaya: ga bawan Allah a kurkuku riƙe da ƙarafuna, azzalumai sun ɗaure shi babu laifin tsaye balle na zaune. Sai 'yan sanda su gane kuskurensu su fito da shi, a cire masa ankwa, ya shiga gari ya kama aikin alheri. Ya tarar da tsohuwa tana kuka a bakin titi, ya miƙa mata jaka, shafi na gaba ga ta tana tafiya tana murmushi. Ya tarar da mai kanti ya ɗora hannu a ka, ya shiga ta taga da buhu cike da zinariya ya juye masa a akwatin ƙarfe, ya fita da buhu wayam, ta tagar ma yake fita don kada a tsaya gode masa. A shafin ƙarshe kullum gari ya zauna lafiya, rana ta fito, kowa yana harkarsa. Mu kuwa mu saki baki, wasu har da hawaye.

Matsalarsa ɗaya a duniya, wata siririyar mace mai gajeren gashi da jan takalmi har gwiwa, ita ma da ƙyalle a fuska, wadda duk inda ya sa ƙafa tana bayansa. Ta bi shi kan rufin gidaje, ta diro masa daga sama, wani lokaci har ta zuba masa ƙafa a haɓa. Yaya ya ce ƙanwar jarumin ce, fitinanniya, an ce ta zauna gida ta yi daka ta ƙi, hassada ce ta hana ta sukuni. In an zo kanta sai ya ɗaga littafin ya nuna ni da leɓe.

"Ga ta nan zaune. Ku dubi ƙafafun ma iri ɗaya."

Yaran unguwa su kwashe da dariya. Sunan Jan Takalmi ya bi ni har gidan miji, ni da ko silifas ja ban taɓa mallaka ba. Shi kuwa sai ya saci farin mayafin Inna ya ɗaura a wuya ya riƙa dirowa daga katanga, har ya fasa mata tulu biyu, kuma ko rankwashi bai sha ba, don ɗan lakwal ba a taɓa masa kai.

Sauraron ba kyauta ba ne. Sauran yara su kawo gyaɗa ko mangwaro, ni kuwa nawa rabon wankin kakinsa. Shekara biyar ina wanke kakin nan, ban taɓa ganin ɗigon tawada ko farin alli a jikinsa ba. Kullum kashin shanu ne da baƙin man mota. Na taɓa tambayarsa, ya ce mini haka lakwal take, ni me na sani. Gaskiyarsa kuwa, me na sani.

Da ya tasa sai ya ce ya ƙoshi da karatu, ya shiga dillancin shanu, yau yana wannan kara gobe yana waccan, har cikin Borgou. Faransanci a bakinsa kamar ya ƙirƙire shi, ya yi Hajji, ya ajiye tumbi, ya sayi tabarau mai ruwan zinariya. Duk takardar da ta shigo gidanmu shi ake kai wa, kuma yana da hanyarsa ta karatu da ba ta canzawa. Zai sa tabarau, ya riƙe takardar nesa da fuska, ya kaɗa kai, ya ce, "Hmm. Bon." Sa'an nan ya miƙa wa wanda ya kawo ta, ko duk ɗan makarantar da ke kusa, ya ce, "Karanta in ji ko ka iya." A karanta masa, ya gyara zama ya ce, "Voilà, abin da na gani ke nan." Mu kuma mu riƙa yaba shi, wai Yaya akwai son koyar da na ƙasa.

Ni aure ya kai ni Parakou, unguwar Ganou, ina da rumfar atamfa a kasuwar Arzèkè. Waya ce ta tura ni karatu. Duk saƙon da ya shigo sai na nemi mai karanta mini, kafin azahar duk layin 'yan atamfa sun san wa ya turo da abin da ya ce. Ranar da maƙwabciyar rumfata ta riga ni sanin sakamakon gwajina na asibiti, har tana ba ni shawarar in rage gishiri, ranar na yi rantsuwa. Na shiga ajin manya na matan kasuwa ina da shekara arba'in da biyu, bayan la'asar, sau uku a mako. Shekara biyu na yi ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Ban gaya wa kowa a Djougou ba, don na san abin da Yaya zai ce, na ma san da wace murya zai faɗe shi.

Gonar Sérou kuwa kakanmu mutanen ƙauyen suka yanka wa, tun yana fataucin goro. Doya ake yi a ciki, ga kaɗanya jere, waɗanda Inna ta ƙarar da ƙuruciyarta tana tsintar 'ya'yansu tana yin man kaɗe. Da man nan ta yi mini kayan ɗaki. Yanzu ƙafa ta ƙi, amma duk damina sai an ɗora ta bayan zem, babur ɗin haya, an bi jar hanyar nan da ita, ta zauna a gindin babbar kaɗanyar tsakiya tana kallon matan ƙauye suna tsinta tana gyara musu aiki. Ba ta da wani wurin yawo a duniya da ya wuce nan. Sai Yaya ya kira ni a waya, ya ce wani mutum yana son gonar zai zuba waken suya, haya ce ta shekara biyar, itatuwa ba mai taɓa su.

"Na duba takardar da kaina, layi-layi," in ji shi. "Yatsa uku ake so, nawa da na Inna da naki. Ki zo jibi, mutumin zai zo da shaidu washegari."

Na shiga takisi da safe, mu huɗu a baya ga kwandon tumatir a cinyata wanda ba nawa ba, na isa kafin azahar. Bayan mun ci sakwara, Inna ta ce a jawo mata adaka ta nemo tsohuwar takardar mai gari, wai mutumin yana son ya gan ta. Ta fito da zannuwan da ba ta taɓa ɗaurawa ba, ta fito da kwanonin aurenta, sai ga wani ƙunshi cikin farin ƙyalle an ɗaure shi da zare. Da hannu biyu ta ɗago shi.

"Littattafan ilmin Yayanki ne," ta ce. "Shekara talatin da biyar ban bar gara ta taɓa su ba."

Ana kwancewa warin kitsen tukubar Baba ya bugi hancina, har idona ya kawo ruwa. Yaya ya yi dariya ya ce a miƙo. Manyan yaran gida suna makaranta, ƙananan jikokinsa ne suka taru suka zauna a gabansa yadda muke zama a da. Ya sa tabarau, ya kwantar da littafi a cinya, ya buɗe shi ta dama, yadda ake buɗe littafin makarantar allo. Wallahi da farko ban ga komai ba, don haka na saba gani. Na zaga bayansa kawai don in sake ganin fuskar jarumin ƙuruciyata.

Ga shi nan a kurkuku riƙe da ƙarafuna. A ƙasan zanen, can kusurwa, manyan baƙaƙe uku: FIN. Kalmar da madam ɗinmu, malamar ajin manya, take rubutawa a allo duk ranar da muka gama darasi, ma'anarta ƙarshe. Na dubi lambar shafin, talatin da biyu. Ya juya, talatin da ɗaya. Yaya ya sassauta murya ya sa mata rawa kamar dā.

"Ya ce, na yafe wa duk wanda ya zalunce ni, Allah yana gani."

Ni kuwa na bi farin ƙwan da ido, baƙi bayan baƙi. Abin da ke ciki shi ne: zan fito, kuma babu kantin da zan bari a garin nan.

A tsaye a wurin na juya labarin a kaina, ya miƙe sak. Gari yana zaune lafiya, tsohuwa tana tafiya tana murmushi, ƙato ya fizge mata jaka, ta zauna tana kuka. Ya shiga ta taga da buhu wayam ya fito da shi cike. Ashe ba gudun godiya yake yi ba, gudun mai kanti yake yi. Mai jan takalmin ita ce ke tsaron birnin, ita ke bin sa rufi-rufi har ta kayar da shi ta danƙa wa 'yan sanda, su sa masa ankwa su kai shi inda ya dace. Mutumin da yaran unguwarmu suka yi wa kuka, wanda Yaya ya fasa tulu biyu yana kwaikwayo, ɓarawo ne, kuma sau bakwai ana kama shi.

Dariya ta kuɓuce mini, irin mai fita ta hanci. Ina cikinta maganarsa ta waya ta dawo mini, na duba takardar da kaina layi-layi, sai dariyar ta yanke.

"Yaya, ina takardar mutumin nan? Ba ni in gani."

"Ki ga me? Ai babu zane a ciki."

Yaran suka yi dariya, Inna ma ta taya su. Na danne zuciyata na ce ya zo zaure, magana zan gaya masa. Maimakon ya tashi sai ya ɗaga littafin ya nuna ni da leɓe, tsoho da furfura a gemu.

"Jan Takalmi ta fara. Kun gan ta nan? Tun tana ƙarama haka take, ba ta barin mutum ya yi abin kirki."

Ni dama ba a san ni da dogon haƙuri ba, kuma shekara talatin da biyar na sunan nan suka taso mini gaba ɗaya. Na fizge littafin daga cinyarsa, na juya shi, na buɗe ta hagu, na ɗora yatsa ƙarƙashin rubutun na fara karantawa da Faransancina mai tuntuɓe, ina yi ina juyawa da Hausa. Shafi uku kawai na yi.

"Ɓarawo ne, Yaya. Duka bakwai ɗin ɓarawo ne. Daga ƙarshe kake karanta mana."

Yaran suka dube shi, suka dube ni. Na so in ci gaba, don daɗin abin ya fara ratsa ni, sai na ga tabarau ya zamo masa kan hanci bai ko gyara ba. Na kori yaran waje, muka rage mu uku.

"Yaushe kika koyi karatu?" ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Kai yaushe ka koya?"

Ya tashi ya shiga ɗakinsa ya fito da takardar cikin jakar leda, ya ajiye a tabarma bai miƙo mini hannu da hannu ba. Shafi biyu ce, amma na ɗauki lokacin da za a dafa shinkafa ta nuna kafin in kai ƙarshenta. Kalmar haya na nema sama da ƙasa ban gani ba. Wadda na gani har sau uku ita ce vente, wato sayarwa, kalmar da ke rubuce a ƙofar kowane shago a Arzèkè. An sayar da gona gaba ɗaya, da duk itatuwan da ke cikinta, babu komawa. Ban yarda da kaina ba, na ɗauki hotonta na tura wa madam ɗinmu. Ko minti biyar ba a yi ba ta kira, ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce wa ya ce mini haya ce.

Na ajiye wayar na ce, "Yaya, wa ya karanta maka?"

"Shi."

"Shi wa?"

"Mai takardar. Na ce masa ya karanta in ji ko ya iya."

To kun ji. Mutumin ya dubi tabarau mai ruwan zinariya sau ɗaya, ya gane abin da gida guda bai gane ba a shekara talatin da biyar, ya riƙe takardar sayarwa ya karanta haya da bakinsa. Abin da Yaya ya yi mana a gindin dalbejiya, shi wani ya zo har gida ya yi masa, kuma Yaya ya gyara zama ya ce abin da ya gani ke nan.

Na juya wajen Inna ina tsammanin salati da kuka. Tana zaune tana ninke farin ƙyallen.

"Ashe har yanzu bai iya ba," ta ce.

"Inna, kin sani?"

"Na san ba ya zuwa. Mai kawo mana nono ta ce kullum tana ganinsa a kara. Na ce tunda yana Faransancin, ko a hanya ya tsinci wani abu."

"Baba fa?"

"Da ubanku ya sani, da a kan tukuba zai kwana."

"To littattafan da kika adana?"

"Da me zan nuna wa mutane?"

Na ce, "Ni kuma kika bar ni da turmi." Ta ci gaba da ninke ƙyallen da ya riga ya ninku. Ƙaryar Yaya ta ba ni haushi, amma shirun Inna ne ya yi mini ciwo, kuma har yau in na taɓa wurin da ɗan zafinsa.

Sai Yaya ya buɗe baki ya ba mu labarin. Sati uku kawai ya yi a lakwal. Mushen ajinsu, wato malaminsu, yana da wani ƙashi da yake rataya wa duk wanda ya yi yaren gida. Fitsari ya matse shi, bai san yadda ake roƙon fita da Faransanci ba, ya roƙa da Hausa. Aka rataya masa ƙashin, aka zane shi, ya jiƙa wandonsa a gaban aji. Washegari ya sa kaki ya wuce ƙofar makarantar ya zarce kara, in an tashi kara ya koma tasha wajen direbobi, a bakinsu ya kwashi Faransancin. Littattafan kuwa ya buɗe su ne ta inda ya saba buɗe littafi, labarin ya tafi daidai, bai ga dalilin shakka ba.

"Daga baya na ga wani a tasha ya riƙe irinsa ta ɗaya gefen," in ji shi. "Na dawo gida na gwada, na gane."

"Ka gane? Ka ci gaba?"

"Labarin ya riga ya shiga unguwa." Ya sosa gemu. "Kuma in na juya shi, ke ce za ki zama jarumar."

Na so in ji tausayinsa, na kuwa ji, don yaron da ya jiƙa wando a gaban aji ba abin dariya ba ne. Amma tausayin bai kai nauyin kakin da na wanke ba. Na kwana da niyyar in tsiraita shi gobe a gaban kowa.

Da hantsi mutumin ya iso cikin mota mai sheƙi, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga zaure, da shaidu biyu a bayansa da ɗan kwalin tawadar dangwale a hannu. Aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo Inna, na zauna gefenta. Yaya ya fito cikin babbar riga, da tabarau, kamar jiya ba ta faru ba. Aka gaisa, aka tambayi iyali da kasuwa da ruwan bana. Sa'an nan ya ɗauki takardar, ya riƙe ta nesa da fuska, ya kaɗa kai.

"Hmm. Bon."

Mutumin har ya miƙo hannu zai karɓa, don ya san abin da ke biye. Yaya ya tsallake hannun ya miƙo mini.

"Ƙanwata, karanta in ji ko kin iya."

Na dube shi. Ta saman tabarau idanunsa suna roƙona, irin roƙon da bakinsa bai taɓa iya yi ba. Maganar da na kwana ina wasawa tana kan harshena, na haɗiye ta na karɓi takardar. Na ɗora yatsa na karanta a hankali, ina tuntuɓe ina tashi, da na zo kan kalmar sai na tsaya na maimaita ta, na juya ta da Hausa don Inna da shaidu su ji. Sayarwa, har abada, da itatuwa. Ɗaya daga cikin shaidun ya gyara hula ya fara kallon ƙofa.

"Voilà," in ji Yaya, ya gyara zama. "Abin da na gani ke nan."

Mutumin ya yi murmushin da bai kai ido ba. "Alhaji, kuskuren sakatare ne. Kuma ƙanwarka ba ta saba da Faransancin takarda ba."

"Ni ma shiru na yi in ga ko za ka faɗa da bakinka," in ji Yaya, ko kunya babu.

Na bar masa. A gaban baƙo yayana ne, kuma gonar nake so, ba tabarau ba. Mutumin ya ce zai je a gyara ya dawo, ya tattara shaidunsa ya fita da saurin da ya sa ya manta kwalin tawadarsa, har yau ba mu sake jin ƙamshin turarensa ba. Inna ta ɗauki kwalin ta jefa a adaka, ta ce wataƙila wata rana ya yi amfani.

Littattafan ni na tafi da su Ganou, Inna ba ta hana ba. Wata guda na yi ina karanta su ta gefen da ya dace, kuma in faɗi gaskiya ba su da daɗi. Labari ɗaya ne sau bakwai. Mai jan takalmin ta cika wa'azi, ko ƙafa za ta zuba wa mutum sai ta yi masa jawabin gaskiya da adalci, 'yan sandan kullum sai an gama aiki suke isowa, ɓarawon kuma ba ya koyon komai, a kama shi a wannan littafin ya fito a na gaba da mayafin nan da ko makaho zai hango shi. Na Yaya ya fi daɗi nesa ba kusa ba. Da Baba ya san irin ɗan da ya haifa, da bai ɓata kaki ba, da ya bar shi ya riƙa ba masu jiran tsire labari.

Duk da haka da Sallah ta zo na shiga layin 'yan takalma a Arzèkè na sayi ja, jawur, na sa na tafi Djougou. Yaya ya dubi ƙafata ya daɗe, ya ce sun yi mini kyau, ya canza magana zuwa farashin raguna. Yanzu duk takardar da ta same shi sai ya ɗauki hotonta ya turo mini da saƙon murya: "Duba in ga ko har yanzu kin iya." Ni kuma in karanta masa, in ƙare da cewa har yanzu. Daminar da ta wuce ni na raka Inna Sérou, zem biyu, ta zauna a gindin kaɗanyarta tana faɗa wa matan ƙauye cewa 'yarta ta yi karatun Faransanci, kamar ita ta kai ni.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne kada in ƙara dangwala yatsana a kan abin da wani ya karanta mini, ko da ciki ɗaya muka fito, don mai karanta maka ma wataƙila wani ne ya karanta masa. Kuma ke da aka daɗe ana nuna ki da leɓe ana cewa ke ce fitinanniyar labarin, kafin ki yarda, karɓi littafin ki duba ta wane gefe aka buɗe shi.